Tambayi Kawu: An ce yayana ya bar gida a Amurka, ta ina zan gano gaskiya?

Assalamu alaikum Kawu. Ni mace ce a Aboabo, nan Kumasi, ina sayar da atamfa a Kejetia. Yayana ya tafi Amurka tun 1999, ya ɗan zauna a Buronks ta birnin Niyok, sannan ya koma garin Kolombus na jihar Ohayo. Yau wata 7 da Allah ya yi masa rasuwa, can aka yi masa sutura. 'Yan masallacinsu sun haɗa gudummawa sun aiko mana kafin addu'ar arba'in, Allah ya saka musu da alheri. To tun daga nan magana ta rabu biyu. Wasu sun ce ya sayi gida, abokin zamansa ne ya danne, wasu sun ce haya yake yi har ya rasu. An kuma ce yana da mata a can. Ga matarsa nan da 'ya'ya 3, ga tsohuwarmu ta haura shekara 80, kullum sai ta tambaye ni. Wani borga, wato ɗan gida mazaunin ƙasar waje, da ya zo hutu ya ce in ba shi dala 1,500 ya sa a binciko mana. In na karya jarina zan iya haɗawa. Kawu, in ba shi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan yayanki, ya kai haske kabarinsa, ya ba Hajiya haƙurin rashinsa.

Kada ki taɓa jarinki. Mafi yawan abin da mutumin nan ya ce zai binciko miki a buɗe yake, wani kyauta, wani dala 20 da 'yan kai, kuma da wayar da ke hannunki za ki fara. Na yi shekara 19 a Kolombus, ƙarshensu ina aikin tafinta, kuma ofisoshin da zan faɗa miki na taka su da ƙafata.

Amurka ba ta da ofis guda da mutum zai je ya ce a duba masa wane. Kowace jiha an yanyanka ta gunduma-gunduma, abin da suke kira county, kuma a duk ƙasar sun haura 3,000. Ohayo kaɗai tana da 88. Ki ɗauki gunduma kamar asambilen Asokore Mampong da Aboabo take ƙarƙashinta, sai dai a can takardun gidaje, da na aure, da na shari'a, da na gado, kusan duk a hannun gunduma suke. Saboda haka kafin komai sai an san gundumar da mutum ya zauna. Kolombus tana cikin gundumar Franklin, amma wasu gefunan garin sun tsallaka cikin gundumomin Delaware da Fairfield, kuma mutanenmu da yawa da suka sami abin hannu sun sayi gidaje a bayan gari. In ba ki same shi a Franklin ba ki leƙa waɗannan biyun. Kuma duk lokacin da za ki rubuta a intanet ki haɗa da kalmar Ohio, don gundumomin da ake kira Franklin a Amurka sun fi 20.

Takardar da zan so ki fara nema ita ce shaidar mutuwa. Mutanenmu suna raina ta, suna ganin tun da an binne mutum me kuma za a yi da takarda, alhali ita ce mabuɗin sauran. A jikinta akwai sunan mamaci yadda hukuma ta san shi, da adireshin da yake zaune, da sunayen iyayensa, da inda aka binne shi, da sunan wanda ya ba da bayanin. Akwai kuma gurbin da ake rubuta ko yana da aure, da sunan matar da ya bari. Kin ga tambayarki ta biyu ta fara samun amsa tun daga nan. Sa'arki ɗaya, a Ohayo wannan takarda a buɗe take ga kowa, ba sai dangi ba. Wanda ya rasu a gundumar Franklin ana neman tasa a sashen lafiya na birnin Kolombus, ko a ma'aikatar lafiya ta jiha. Ki roƙi ɗaya daga cikin 'yan masallacin da suka yi masa sutura ya karɓo miki, ya ɗauki hotonta ya turo ta WhatsApp, asalin kuma ya ba mai tahowa gida. Ku karɓi kwafi biyu ko uku, za a buƙace su gaba. Amma ki riƙe wannan: abin da ke gurbin aure, abin da mai ba da bayani ya faɗa ne ranar da ake cikin jimami. Hannunka mai sanda ne, kotu ba ta tsayawa a kansa kaɗai.

Sai batun gida, wanda na san shi ne ya hana ku barci.

Ki shiga intanet ki rubuta Franklin County Ohio Auditor. Wannan shi ne ofishin oditan gunduma, mai ƙiyasta kuɗin kowane gida saboda haraji. A shafinsa ana neman gida da sunan mai shi ko da adireshi, ba a biyan ko pesuwa. Ki sa adireshin da ke kan shaidar mutuwa. Zai fito miki da sunan mai gidan, da shekarar da aka saya, da kuɗin da aka saya, yawanci har da hoton gidan. In sunan wani kamfani ko wani Bature kika gani, to haya yayanki yake yi a wurin. Sannan ki sake nema da sunansa, ko yana da wani gida a wani titin.

A nan ne sunayenmu suke wahalar da mu. Mutumin da kuka sani da Yusufu, a fasfo Yussif ne ko Issifu. Isa ya koma Issah, Husaini ya koma Fuseini, Idirisu ya koma Iddrisu, Muhammadu kuwa yana da rubutu ya fi biyar. Wani an juya masa suna, na uba ya zo gaba, nasa ya koma baya. Wani kuma, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, da sunan da ba nasa ba ya shiga ƙasar, da shekarun da ba nasa ba. Kwamfuta ba ta san laƙabi ba, ba ta san ɗan wane ba ne a Zongo. Shi ya sa na ce ki fara da shaidar mutuwa, ko ki nemo tsohuwar takardar turo kuɗi da ya taɓa aiko wa Hajiya, ki kwafi sunan harafi da harafi. Kuma in kin ga suna irin nasa kada ki yi saurin guɗa, masu suna ɗaya a arewacin Kolombus, wajen titin Morse da Cleveland inda Ganawa da Somalawa suka yi yawa, ba su ƙirguwa. Sai adireshi ya yi daidai.

In gidan ya fito da sunansa, sai ki wuce ofis na biyu, wanda ake kira Recorder. Shi ne ma'ajiyar takardun mallaka da na jingina, kuma su ma ana ganin hotonsu a intanet. Abu biyu za ki duba. Na farko, sunan wa da wa ke kan takardar mallakar. In shi da wata ne ko wani, kuma an rubuta kalmar "survivorship", ma'anarta duk wanda ya riga mutuwa, gidan ya zama na wanda ya rage, ba ya shiga rabon gado ko kaɗan. Haka in ya yi rajistar wata takarda mai suna "transfer on death", wato ya ambaci wanda gidan zai koma hannunsa ranar da ya rasu. Na biyu, bashin banki. Mu a nan in an ce wane ya sayi gida, ya biya ke nan, ko ya yi shekara 10 yana ɗora bulo a kan bulo. A can kusan kowa da bashin banki yake saya, na shekara 30 ko 15, yana biya wata-wata. Takardar jinginar za ta nuna nawa ya ranta da shekarar da ya ranta. Ba za ta nuna nawa ya rage ba, amma in ya gama biya za ki ga wata takardar sakin jingina a bayanta. Gidan da aka saya shekara 4 da suka wuce, mafi yawansa na banki ne har yanzu.

Wannan ne ya sa nake so ki yi abin nan cikin makon nan. In akwai gida, akwai bashi, kuma wata 7 ba wanda ke biya, banki zai kai ƙara kotu, a ƙarshe ofishin sharif na gunduma ya yi gwanjonsa. Irin wannan ƙarar tana fitowa a shafin magatakardar kotun gunduma, Clerk of Courts, da sunan mai gidan. Ofishin ma'ajin gunduma kuma yana nuna ko ana bin gidan harajin da ba a biya ba.

Bari in ba ki labarin da ya sa ba na wasa da wannan magana. Wani abokina ɗan Tamale ya rasu a Kolombus, shekaru kafin in dawo gida. Duk sallah yakan tsaya gaban wani gida mai bene da ciyawa a ƙofa, ya ɗauki hoto da babbar riga ya aika gida. Bai taɓa cewa gidansa ne ba, bai kuma taɓa cewa ba nasa ba ne. Da ya rasu danginsa suka ɗora wa abokin zamansa, wani bawan Allah mai aikin dare a sito, cewa ya cinye gidan marayu. Har gidan iyayensa aka je aka yi musu cin mutunci. Mutumin nan shi ya wanke gawar, shi ya bi shago-shago yana tara kuɗin kabari. Ya zo wurina yana kuka kamar yaro. Na ɗauke shi muka je ginin gunduma da ke lamba 373 a titin South High, muka fito da takardar mallakar gidan da hatiminta. Gidan na wata tsohuwa ne, tun kafin abokina ya taka Amurka, su biyun ɗakin ƙasa suke haya. Na aika takardar Tamale, wani malamin makaranta ya karanta musu. Kawun mamacin ya kira ya ba da haƙuri, amma an riga an yi shekara guda ana zagin mutum da iyayensa a kan abin da rabin awa ta warware. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Saboda haka, ƙanwata, ki roƙi 'yan gidanku su kama bakinsu a kan abokin zaman yayanki har takarda ta zo. In ya ci, takarda za ta nuna. In bai ci ba, kun tsira daga alhakinsa.

Batun aure a kotun gado ake duba shi, Probate Court, don a Ohayo ita ke ba da lasin aure. Ana neman sunan ango ko amarya a shafinta. Amma ba kowane shiru ne ke nufin babu ba. Lasin yana nan ne a gundumar da aka karɓe shi, kuma tun da yayanki ya zauna a Buronks, mai yiwuwa ne a birnin Niyok aka yi, inda ofishin magatakardar birni ke riƙe da takardun aure. Auren da aka ɗaura a masallaci kawai, da goro da dabino, ba a karɓi lasi ba, ba zai fito a ko'ina ba. Ohayo kuma ta daina ɗaukar zaman tare a matsayin aure tun Oktoban 1991. In an taɓa aure an rabu, shari'ar sakin tana wurin magatakardar kotu.

A wannan kotun gadon dai za ki duba ko wani ya riga ya buɗe fayil da sunan yayanki. In an buɗe, za ki ga wanda aka naɗa ya kula da dukiyar, da lauyansa, da waɗanda aka rubuta a matsayin magada. Wanda aka naɗa yana da wata 3 ya kawo wa kotu lissafin abin da mamaci ya bari. In kin ga fayil kuma babu sunan 'ya'yan nan uku a ciki, ku rubuta wa kotun nan da nan, da lambar fayil ɗin, cewa mamaci yana da mata da 'ya'ya a Kumasi. Zamansu a Ghana ba ya hana su gado. In ba a buɗe komai ba, sai ku nemi amintacce mazaunin Ohayo, don wanda bai bar wasiyya ba, dokar jihar ba ta naɗa na waje ya kula da dukiyarsa. A wannan gaɓar ce kuɗin lauya yake da amfani, lauyan gado mai lasin jihar, ba ɗan tsakani ba.

Akwai abin da ya kamata ki shirya wa Hajiya zuciya a kansa tun yanzu. Kotun Ohayo ba ta rabon gado yadda malamanmu suke yi. A Musulunci uwa tana da sudusi, mata tana da sumuni in akwai 'ya'ya. A dokar can, in mutum bai bar wasiyya ba, matuƙar yana da mata ko 'ya'ya, uwa ba ta samun komai, 'yan'uwa ma haka. In duk 'ya'yan na matar ne, ita ke ɗaukar dukiyar gaba ɗaya. Kuma kotu mata ɗaya ta sani. In ta tabbata akwai wata a can mai lasi, to maganar wace ce matar a idon doka sai an kai ta gaban alƙali, kuma hujja za a nema. In dukiya ta iso hannun magada, ba abin da zai hana su zauna gaban malam a raba yadda Allah ya ce, amma wannan sai da yardarsu.

Hujjar kuwa a nan Kumasi za ku haɗa ta, kuma nan ne nake jin tsoro. An yi wa auren yayanki rajista? Dokar auren Musulmi ta Ghana ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma a Zongo mutum nawa ne suka yi? Ku nemo duk abin da ya rage: takardar masallaci, hotunan biki, waliyyi da shaidu in suna raye, su yi rantsuwa a rubuce a gaban mai karɓar rantsuwa a babbar kotu da ke Adum. Yaran kuma kowanne ya sami takardar haihuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, kuma sunan uban da ke jiki ya dace da wanda ke kan shaidar mutuwa. In ya saɓa, ku gaya wa lauya tun farko. Kada wani ya ce zai gyara muku takarda ta bayan fage, takardar bogi guda ɗaya tana iya rushe gaskiyar yaran duka.

Kuɗin banki, da na fansho na wurin aiki, da inshorar rai, ba sa cikin takardun gunduma. Fansho da inshora suna zuwa ne kai tsaye ga wanda mamaci ya rubuta sunansa, don haka a tambayi inda ya yi aiki. Kuɗin da aka bari ba mai nema, bayan wasu shekaru yakan koma sashen kuɗaɗen da ba a karɓa ba na jihar Ohayo, shi ma ana duba suna kyauta.

Wani lokaci shafukan nan sukan ƙi buɗewa daga Ghana. In haka ta faru ki sa wani a can ya buɗe, ku yi kiran bidiyo ki gani da idonki. In waya za ki buga wa ofis, ki tuna muna gabansu da awa 4 a lokacin zafinsu, awa 5 a lokacin sanyi, wato daga bayan azahar ɗinmu ne suke buɗewa.

*

Kawu, ni saurayi ne a Nima, Akra. Wani mazaunin Amurka yana neman auren ƙanwata, ya ce bai taɓa aure ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne waliyyi. Laifi ne in bincika shi a irin waɗannan ofisoshi?

Ba laifi ba ne, ɗana, aikinka ne. Da a Mamobi yake, nan maƙwabtan Nima, da tuni ka aika an tambayi maƙwabtansa da limaminsu. Ka tambaye shi garin da yake zaune da garuruwan da ya taɓa zama, da sunansa yadda yake a fasfo. Mai gaskiya ba zai ɓoye maka wannan ba. Sai ka duba shafin kotun kowace gunduma, ɓangaren saki da ɓangaren laifuka. Ma'aikatar shari'ar Amurka kuma tana da shafi guda na kyauta da ya haɗa sunayen waɗanda aka hukunta kan laifin lalata a duk jihohi. In ka ga wani abu, ka duba shekarar haihuwa ka tabbatar shi ne, sannan ka karanta yadda shari'ar ta ƙare, don kamu daban, hukunci daban, kuma tarar gudu da mota ba abin fasa aure ba ce. Kamfanonin da ke cewa ka biya su ba ka tarihin mutum gaba ɗaya, na taɓa biyan ɗaya, suka haɗa mini mutum uku masu suna ɗaya suka mai da su mutum guda. Ka je tushe. Bayan haka ka nemi wani dattijo a masallacin garin da yake ka yi masa waya, don auren fatiha ba ya kan kwamfuta, yana bakin mutane.

*

Malam, matata ta bar ni a Amurka ta tafi da ɗanmu, ta sauya gari, ta sauya lamba. Yanzu ina Kumasi. Wace gunduma zan duba in sami sabon adireshinta?

Ɗan'uwa, a wannan ba zan nuna maka hanya ba. Wasiƙarka ta faɗi ɓangarenka ne kaɗai, kuma macen da ta sauya gari da lamba ta nuna ba ta so a same ta. Jihohi da yawa, har da Ohayo, suna da shiri na musamman da ke ɓoye adireshin wanda ya guje wa cutarwa, kuma in akwai umarnin kotu da ya hana ka kusantarta, nemanta ko ta hannun wani zai iya zama laifi a kanka. In ɗanka kake so ka gani, wannan haƙƙi ne da ake nema a kotun iyali ta inda kuka zauna tare. Ka ɗauki lauya ya shigar da buƙatarka ta ganin yaro da ɗaukar nauyinsa, a bi ƙa'idar kotu wajen isar mata da sammaci. Kafin nan, iyayenta suna nan Ghana. Ka ɗauki manyanka ku je ku zauna da su, ka fara da aika kuɗin abincin yaron ta hannunsu.